Tankin kifin teku a Birnin Kebbi: inda shagon Abuja ya burge ni da inda ya gaza

Tun da hoton tankin kifin da ke falona a Gesse ya fara yawo a WhatsApp, tambayar da ta fi zuwa min ita ce wa ya haɗa. Shago ne a Abuja, cikin 'yan tsirarun da ke haɗa tankin ruwan gishiri su kuma shigo da kifin teku mai rai. Ga hukuncina tun farko, kowa ya huta: a aikin gilashi da bututu ban ga makusa ba, a maganar irin kifin da ya dace ba su yaudare ni ba, amma tsarin da suke sayarwa an yanka shi ne daidai da gidan Maitama, inda zafi bai kai namu ba kuma AC ba ta mutuwa. Duk wanda ya karɓi takardar farashinsu ya biya yadda take, ya kawo kayan Kebbi, da wuya kifinsa ya ga ƙarshen watan Afrilu.

Sana'ata shinkafa ce, amma na daɗe ina kiwon tarwaɗa a kududdufan siminti a bayan gida. Na kawo wannan ne domin mu masu tarwaɗa mun fi kowa ɗaukar abin da sauƙi. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take jure laka idan fadama ta janye, take jure ruwan da ya kwana uku ba a canza ba. Kifin murjani kuwa, wato mai zama a tsakanin murjani, halittar nan mai rai da ke gina duwatsu a ƙarƙashin teku, daga tekun Indiya da na Fasifik yake fitowa, inda zafin ruwa da gishirinsa suke zaune wuri ɗaya shekara da shekaru. Jikinsa bai saba da canji ba. Aikin mai tanki gaba ɗaya shi ne hana ruwa motsawa daga inda aka ajiye shi, a garin da rana da wuta da ƙura kowanne ke jan nasa.

Tankin da na ce a yi min tsawonsa santimita 180, faɗi 60, zurfi 60, wato lita 648, da gilashi mai kaurin milimita 12. A ƙarƙashinsa, cikin kabad, akwai wani ƙaramin tanki inda injinan tace ruwa suke zama. Idan aka haɗa ruwa da gilashi da duwatsu da yashi da ƙarfen da ya ɗauke su, nauyin ya kusa tan guda, buhun shinkafa ashirin ke nan a tsaye a wuri ɗaya ba sauke wa. Mutum biyu suka turo, babban cikinsu wani matashi ɗan Kaduna, kuma shi ne dalilin rabin yabon da zan yi wa shagon.

Kafin ya bari a shigo da gilashin, sai da ya durƙusa a kan tayil da ma'aunin nan na magina mai ɗigon iska a tsakiya, yana ja da shi taki-taki a gindin bango. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, falon nan ya karkata wajen ƙofa." Gaskiya ce, masu sa tayil a nan da gangan suke yin haka don ruwan wanke ɗaki ya sami hanyar fita. Karkatar ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, ido ba ya ganinta. Ya ce a tanki mai wannan tsawo, ruwa zai taru ya danne kusurwa ɗaya, silikon ɗin da ya riƙe gilashi ya yi ta shan wahala har wata rana ya saki. Ya yanka siraran farantan ƙarfe, yana cusa su ƙarƙashin ƙafafun teburin ɗaya bayan ɗaya, yana komawa ga ma'auni, har la'asar ta yi. Ni da na ƙosa in ga ruwa a ciki sai da na haƙura na koma na zauna.

Abu na biyu da ya yi, wanda nake so duk mai sayen irin wannan tanki a Najeriya ya nema da bakinsa, shi ne gwajin ɗauke wuta. Ruwa yana gangarowa ne daga babban tanki zuwa na ƙasa, famfo ya mayar da shi sama. Da wuta ta tafi famfo ya tsaya, ruwan da ke cikin bututu da wani ɓangare na saman tanki zai zubo ƙasa gaba ɗaya. In tankin ƙasa bai da sararin karɓarsa, sai dai a kwashe kafet. Bayan ya cika komai, ya kira ni, ya zare filogin famfon a gabana. Muka tsaya muna kallon ruwan ƙasa yana hawa, yana hawa, sannan ya tsaya saura kamar tafin hannu ya kai baki. Ya ɗauki maka ya ja layi a jikin gilashin ya ce kada ruwa ya taɓa wuce nan in famfo na aiki. Ya kuma nuna min ɗan ramin da ya huda a bututun da ke mayar da ruwa, dab da saman ruwan, wanda ke shigar da iska ya katse zuƙowa. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau ɗaya a shekara wannan ƙarin ado ne. A nan kullum sai ramin nan ya yi aiki, kuma har yau falona bai jiƙe ba.

Inda muka fara samun saɓani da ofishinsu shi ne zafi. Kifin murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 26. Idan ya haura 30 ya daɗe a can, murjani yakan kori ƙananan tsirran da ke zaune a cikin namansa suna ciyar da shi, ya yi fari fat, ya mutu. Mu kuwa a Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana wuce digiri 40, bango ya kwana yana fitar da abin da ya sha. A takardarsu sun sa ƙaramin injin sanyaya ruwa, mai ƙarfin rubu'in doki, kuma wurin da suka tanadar masa cikin kabad ɗin ne, a rufe. Injin nan firij ne ba wani abu ba: zafin da ya zare daga ruwa a bayansa yake hura shi. Ka kulle shi a kabad tare da tankin ƙasa, sai ya koma yana dumama ruwan da yake sanyayawa. Na faɗa wa matar da ke kula da ciniki haka a waya, ta ce ai haka suke yi wa kowa kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Na tambaye ta mutum nawa cikin kowan nan ke zaune yamma da Gusau. Ta yi dariya, amma ba ta canza takardar ba sai da na ce to a bar cinikin.

A ƙarshe aka kawo mai ƙarfin rabin doki, aka huda bango, aka ajiye shi a wani lungu mai inuwa da taga a bayan falo, bututu biyu suka ratsa. Bambancin kuɗin ni na biya, ban kuma ji haushin wannan ba. Abin da ya ban haushi shi ne a ce mai saye ne zai koya wa mai sayarwa. Akwai kuma dabarar da ba su ambata ba ko kaɗan, wadda a wurinmu ta fi aiki fiye da a Legas ko Fatakwal: ƙaramar fanka a kan tankin ƙasa. Iskarmu a bazara busasshiya ce, ruwa yana tashi da sauri, yana tafiya da zafi. Fanka mai cin wutar da ba ta kai ta ƙwan fitila ba tana rage min digiri biyu, ta ba babban injin hutu. Da damina ta kankama iska ta yi nauyi, fankar ba ta tsinana wani abu, amma lokacin zafin ma ya sauka. Sai kuma hunturu, da dare kan sauka ƙasa da digiri 20. Hita, mai dumama ruwa, suka ce ba na bukata tunda Kebbi ce. Na sayi biyu.

Maganar wuta ma kusan ba ta cikin takardarsu. Layi ɗaya suka rubuta a ƙasa, wai mai gida ne zai tanadi wuta ba yankewa. Wannan layi ɗaya, da sola da inbata da batura, tare da injin sanyayawa, ya fi kuɗin tankin da kifayensa da murjaninsa a haɗe. Ya kamata a gaya wa mutum haka a zaman farko, kafin ya ƙwallafa rai. Ruwan teku yana riƙe iskar oksijin ƙasa da ta ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma da ya ɗumama sai ta ƙara raguwa. Famfo ya tsaya a daren Afrilu, kafin asuba kifi ya fara hawa sama yana haki. Yadda mai solata ya raba min shi ne: famfon mayar da ruwa, da ƙananan famfunan da ke kaɗa ruwa a ciki, da injin kumfa mai kwaso datti daga ruwa, duka ba su kai wat 150 ba, suna kan batir dare da rana a layinsu na kansu wanda ba a jona masa ko cajar waya. Fitilu da injin sanyayawa, masu cin wuta da gaske, suna aiki da rana lokacin da sola ke bayarwa.

A nan ne girman tanki yake taimako, kuma shagon sun yi gaskiya da suka hana ni fara da ƙarami. Kafin ruwa lita 700 ya hau digiri ɗaya sai ya sha zafin da ya kai kusan kashi huɗu cikin biyar na yunit ɗin wuta guda. Idan injin ya sauke shi zuwa 25 kafin magariba, yakan kai safiya bai wuce 27 ba ko da injin bai sake tashi ba. Tankin lita 60 ba shi da wannan haƙurin. Masu cewa bari in gwada da ɗan ƙarami tukuna, a yanayinmu sun zaɓi mafi wuya.

Ruwa da gishiri. Kusan duk baƙon da ya zauna a falon nan sai ya tambaya ko gishirin kasuwa nake zubawa. Ruwan teku yana da gishiri giram 35 a kowace lita, amma ba duka ne irin na miya ba. Kusan kashi 15 cikin ɗari magniziyam ne da salfet da kalshiyam da fotashiyam, da su murjani da dodon koɗi suke gina jikinsu. Gishirin da aka haɗa don tanki ake saye, ni na kamfanin Red Sea nake amfani da shi, bokiti mai kilo 22 yana haɗa kimanin lita 660. Cikawar farko ta cinye bokiti guda da ɗoriya. Bayan haka duk mako biyu ina zubar da lita 70 in zuba sabo, bokiti yana kai ni wajen wata huɗu. Ta tashar mota suke turo min, kuma ba a taɓa kawo min wanda ya sha ruwa ya dunƙule ba. Matsalar ita ce yana yanke musu. In dala ta motsa sai a ce kaya na hanya, hanyar kuma ba ta da ranar ƙarewa. Yanzu ba na buɗe bokiti sai akwai wani a rufe a sito.

Ruwan da ake kwaɓa gishirin da shi ba na burtsatse kai tsaye ba ne, ba kuma fiya wata ba. Sai an bi da shi ta wata matata da ake kira RO, mai zare abin da ke narke a ruwa, har ma'aunin dattin ruwa ya nuna sifiri, in ba haka ba abin da ke narke a ciki zai ciyar da gansakuka ta rufe duwatsu. Matatar da suka kawo mai kyau ce, sai dai tana bukatar ruwa ya shigo mata da matsi kusan bar 4. Tankin sama na gida, a tsayin mita biyar, bar 0.5 kawai yake bayarwa. Ranar da aka jona ta ɗigo take yi ɗaya-ɗaya. Ɗan Kadunan ya kalli tankin saman, ya kalli matatar, ya ce, "Oga, wallahi na gaya musu su riƙa tambaya." Sai da aka aiko da ƙaramin famfon ƙara matsi daga baya, da kuɗinsa daban. Kowace lita mai kyau tana tafiya da lita uku zuwa huɗu da matatar ke zubarwa. Nawa ba ya asara, bututun na kai shi wajen tarwaɗa da bishiyoyin lemo.

Da hunturu tankin yakan rasa lita takwas zuwa goma a yini. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, don haka abin da ake cikawa da shi ruwan RO ne zalla. Wanda ya cika da ruwan gishiri, a hankali zai mayar da tankinsa abin da ba kifin da zai zauna. Ma'aunin gishirin da suka ba ni irin wanda ake ɗiga ruwa a kai a leƙa ta ido ne, ina riƙe shi a 1.025. Sun haɗa min da na'urar da ke cika ruwa da kanta idan ya ragu, ita kam tun farko tana cikin takarda, kuma tana aikinta.

Abin da ya sa na yarda mutanen nan ba 'yan ci-da-ceto ba ne shi ne sun ƙi sayar min da kifi lokacin da na nema. An cika tanki, an jera duwatsu, fitila shuɗiya tana haskawa, ba komai a ciki. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a jikin duwatsu suna mayar da ita naitirait, ita ma guba, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda kifi ke iya jurewa in bai yi yawa ba. Kafin su yawaita ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Sharaɗinsu shi ne in riƙa turo hoton kwalbar gwaji a gefen katin launuka, ba za su ɗaure kifi ko ɗaya ba sai amoniya da naitirait sun nuna sifiri. Na matsa, na ce ga kuɗi, Sallah ta gabato, baƙi za su zo. Suka ce a'a. A tsakiyar jiran ne yashi da gilashi suka yi wani jan ƙasa-ƙasa, Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, wannan ne abin da aka fasa mana bango dominsa?" Shi ma sun riga sun faɗa min zai zo ya wuce, ya kuma wuce. Mai neman kuɗin yau kaɗai da ya tura kifin, su mutu, in sake saye.

Tunda na ambaci Hajiya, ga wani abu da babu shi a kowace takardar umarni da ke zuwa cikin kwali. Injin kumfa yana zuƙar iskar ɗaki ne ya cakuɗa ta da ruwa, kumfar ta kwaso datti ta tara a wani kofi a samansa. Duk bayan 'yan kwanaki ina cire kofin, baƙin ruwa mai kauri da wari wanda ba a so a buɗe kusa da mai cin abinci. To duk abin da ke cikin iskar falo, cikin tankin zai ƙare. Ɗan Kadunan yana shigowa ya shaƙi turaren wuta, ya ga gwangwanin maganin sauro a kan teburi, ya ajiye jakarsa ya ce sai mun yi magana. Maganin feshi da na kunnawa da fiya-fiya, kaɗan daga cikinsu ya isa ya kashe kifi da jatan lande. Ya ja siririn tiyo daga injin ya fitar da shi ta ramin bangon nan, ya ɗaura masa audugar tacewa a baki saboda ƙura. Audugar nan da hunturu mako ɗaya take yi ta koma ja. Feshi an hana shi a falo kwata-kwata, aka sa raga a tagogi. Turaren wuta kuwa ba a isa a hana ba, sulhu aka yi: kasko ya koma ɗakin ciki, in za a turara falo ranar Juma'a a rufe saman tanki a buɗe tagogi. Wannan ilimin nasa ne shi kaɗai, don ya tashi a gida irin namu. Da wani suka turo, ban san yadda za ta kaya ba.

Kifin ta jirgi yake zuwa. Ta mota daga Abuja, a bi Kontagora da Yawuri da Koko da Jega cikin rana, da wuya ya iso da rai. Na je filin jirgin Sir Ahmadu Bello na karɓo akwatin farin soso, a ciki ledoji ninki biyu, kashi ɗaya ruwa, kashi biyu oksijin, an lulluɓe da jarida. Umarninsu a nan ya yi daidai, kuma ya saɓa wa abin da mutane da yawa ke yi. Kifin da ya daɗe a leda ya cika ruwan da amoniya, amma numfashinsa ya sa ruwan ya yi tsami, tsamin kuma yana danne dafin. Da ka buɗe leda iska ta shiga, tsamin ya tafi, dafin ya farka. Don haka ba a buɗewa a tsaya ana ɗiga masa ruwa awa biyu. A ɗora ledar a rufe a kan ruwa minti ashirin zafinsu ya daidaita, a tabbatar gishirin ya zo ɗaya, a buɗe a kwashe kifin, a zubar da ruwan ledar a waje. A zuwan farko guda ɗaya ya iso a mace. Ƙa'idarsu ita ce a ɗauki hotonsa cikin ledar kafin a kwance. Na ɗauka, suka amsa ba gardama, amma madadinsa sai da ya haɗu da odar gaba, wata da watanni.

Zaɓin kifi sun yi min adalci. Sun fara ni da kifin kilawun guda biyu, masu ruwan lemo da farar ɗamara uku, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona ba daga teku aka kamo ba. Sun fi jure wahala kuma sun san abincin gwangwani, abin da ke da muhimmanci ga wanda firizarsa ba ta da tabbas. Cikinsu wanda ya fi ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, ɗayan ya tsaya namiji, yanzu haka ɗaya ta ninka ɗayan girma. Na nemi wani kifi da ake kira tang rawaya suka ce tun da aka dakatar da kamunsa a Hawai a 2021 kuɗinsa ya tashi, in haƙura. Na nemi kifin zaki mai ƙayoyi, suka tambaya ko akwai yara a gida, don ƙayarsa tana da dafi kuma yana haɗiye ƙananan kifaye. Murjani mai laushi kawai suka ba ni, suka ce mai tauri sai tanki ya shekara. Mafi yawan kifin wannan kasuwa daga Indonesiya da Filifin ake kamo shi, kuma akwai masu kama shi da gubar sayanaid, ya iso da kyan gani ya mutu bayan makonni. Da na tayar da maganar ba su yi rantsuwar cewa nasu ba ya ciki ba, suka ce abin da za su iya shi ne su riƙe kifi a wurinsu sai ya fara cin abinci. Amsar ta fi min rantsuwa.

Babban ƙorafina shi ne killace sabon kifi. Mai kiwon tarwaɗa ya san ba a zuba sabbin 'ya'ya cikin tsofaffi ranar da suka iso. Na ce a haɗa min ƙaramin tanki na daban don haka, suka ce ɓarnar kuɗi ce, kifinsu a tace yake. Na sa wani mai gilashi a nan garin ya yi min na lita 100, na ajiye a sito. Tang shuɗi da ya zo a oda ta biyu can na sa shi. A makon ne kawuna ya zo daga Argungu, mutumin da ya tsufa yana shiga Matan Fada da homa da gora. Babban tankin bai dame shi ba, kallo ɗaya ya yi ya ce, "Ɗana, wanga kihi ba a ci, ba a saidawa, mi za ka yi da shi?" Amma da muka shiga sito ya tsuguna gaban ƙaramin, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya nuna marufin kuncin kifin da ke buɗewa da rufewa da sauri, da yadda yake goga gefensa a jikin bututu, ya ce, "Wanga ba shi da lahiya." Ni ban ga komai a fatarsa ba. Kwana kaɗan sai ga fararen ɗigo sun feso masa.

Cutar farin ɗigo ta ruwan gishiri mayaudariya ce. Ƙwaron da ke kawo ta yakan ci jikin kifi 'yan kwanaki, ya faɗo ƙasa ya rufe kansa a cikin yashi, kifi ya yi tas ka ce ya warke, sannan ƙwaron ya fashe ya fito da ɗaruruwa. Maganinta mai tagulla ne, tagulla kuma tana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, tana shiga duwatsu ta ƙi fita. Da a babban tanki ya shiga, sai an kamo kowane kifi an fitar, a bar tankin ba kifi, masu abin kan kai kwana 76 suna jira. A sito kuwa magani aka yi ta sawa ana aunawa kusan wata guda, ya tashi, yana nan yana yagar busasshen ganyen teku a kan maƙali. Na tura musu hotuna. Ɗan Kadunan ya kira ni da daddare ya bi da ni yadda ake auna maganin. Ofis kuwa suka ce wataƙila wahalar hanya ce. Wahalar hanya tana raunana kifi, amma ba ta haifar da ƙwaron da babu shi.

Sun sayar min da kwantiragin kulawa na shekara, mutum ya riƙa zuwa duk wata. Ga mazaunin Abuja yana iya zama abin kirki. A nan kuɗin jirgi da masauki a kaina suke, zuwan yana zamewa daga wata zuwa wata, kuma in abu ya lalace da tsakar rana a watan Afrilu, mutumin da zai zo jibi ba shi da amfani. Ranar da injin sanyayawa ya ƙi tashi, wani mai gyaran firij a Rafin Atiku ne ya zo da babur, ya buɗe, ya ga ƙura ta toshe ragar bayansa kuma kafasito ya kumbura, ya canza kafin ruwan ya kai 28. Tun daga nan shi ke zuwa yana hure ragar, na kuma koya wa babban ɗana gwajin ruwa da canza shi. Kwantiragin ya ƙare ban sabunta ba. Famfon mayar da ruwa na biyu na saya a wurinsu na ajiye cikin kwali, gishiri da abinci da kayan matata ma har yanzu a can nake saye, don ban sami na jabu a hannunsu ba. Kifi kuwa ba na biya sai sun turo min bidiyonsa yana cin abinci a tankinsu, duk wanda ya iso sito yake fara sauka, kuma daga Maris har ruwan farko ya sauka ba na karɓar ko ɗaya.